Ekran ɗin ordinater ya yi baƙi ko hoto ya lalace: yadda ake bin gyaran daki-daki kafin a yi zancen formate

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo mini hoton ekran ɗinsa ta WhatsApp, wani baƙi ƙirin, wani komai ya kumbura kamar an hura masa iska, wani hoton ya juye ƙafa sama kai ƙasa, kuma duk magana ɗaya suke ƙarewa da ita: "Malam sai an formate ko?" A'a ɗan uwa. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini nan Yamai da ciwon ekran ko kusa da formate, wato share injin a sake sa Windows, ba sa zuwa, waya ce ko seti ko wani ɗan fayil da ya rikice, amma mutum ya riga ya bari an share masa takardun shekara uku a banza.

Ordinater na tebur nake nufi, mai inite santaral, wato akwatin injin, daban ekran daban, irin Dell da HP na hannu da suka cika biro-biro da sibar da wuraren fotokofi. Sunayen menu na rubuta su da Faransanci tunda haka za ka gan su a injunanmu. Ka bi matakan a jere don Allah, kada ka tsallaka zuwa na 8 saboda ka ga shi ne mai kama da aikin gwanaye.

Kayan da za ka ajiye kusa

Waya ta biyu wadda ka tabbatar tana aiki, VGA ko HDMI, ko ta aro ce. Turnabis mai kan kuros, tocila, ta wayar salula ma ta isa, buroshin fenti busasshe, kile USB, da ekran na maƙwabci ko tele ɗin gida don gwaji. In saye za ka yi, ni wayar VGA ina samunta wajen jikka 1 da rabi zuwa 2, HDMI jikka 2 zuwa 3, adaftar DisplayPort jikka 3 zuwa 5, ɗan batirin CR2032 kuma dala ɗari. Masu kayan lantarki na Babbar Kasuwa da Wadata duk suna da su, ka yi ciniki.

Mataki na 1: Ekran ɗin kansa yana da rai?

Kada ka taɓa inite tukuna. Dubi ƴar fitilar da ke ƙasan ekran. In ba ta kama sam, wuta ce ba ta zuwa: canza wayar wuta, ka ɗauki ta inite ɗin ka gwada tunda yawanci iri ɗaya ce, ka kuma fidda ralanji daga tsakani ka sa kai tsaye a bango, ralanjin nan masu araha rami ɗaya na iya mutuwa sauran suna aiki.

In fitilar ta kama, cire wayar hoto daga bayan ekran ka kunna shi shi kaɗai. Lafiyayyen ekran zai nuna maka ɗan akwati yana yawo, "Pas de signal" ko makamancinsa. Ka ga wannan, to ekran lafiya lau, wuce gaba. In fitila kore ce ko shuɗiya amma fuska baƙa, mayar da waya, kunna inite, kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila dab da gilashin a karkace. Idan kana hango hoton can ciki dishi-dishi, hasken baya ne ya mutu, ba Windows ba ne ba seti ba ne.

Hattara: kada ka buɗe bayan ekran da kanka. Akwai kondansater a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an cire shi daga bango.

Mataki na 2: Waya da ramin da aka sa ta

Nan ne aiki yake, nan zan daɗe.

Abu na farko, wane rami ka sa? In injin yana da kat girafik, wato allon da ke fidda hoto, da aka ƙara, za ka ga ramukan hoto wuri biyu a baya, na sama kusa da ramukan USB, da na ƙasa a kwance su kaɗai. Na ƙasa za ka sa. Da yawa in an share ɗaki ko an ƙaura da tebur sai yaro ya mayar da waya a na sama, ekran ya yi shiru, don injin yana kashe na sama muddin akwai kat a ciki. Wani bawan Allah daga Harobanda ya ɗauko inite a kan kabu-kabu ya haye gada cikin ranar watan Afrilu, wannan kaɗai ne ciwon, na ji kunyar karɓar kuɗinsa.

Na biyu, ekran mai ramuka da yawa yana da maɓallin "Source" ko "Entrée". In waya tana VGA shi kuma yana sauraren HDMI, ba abin da za ka gani. Danna har ya zo kan wanda ka sa.

Na uku, zare wayar VGA ka haska cikin kanta. Allurai 15 ne a layi uku. Ta 1 ja ce, ta 2 kore, ta 3 shuɗi, shi ya sa in ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga ekran ya koma ruwan hoda ko rawaya ko shuɗi-shuɗi gaba ɗaya. Ta 13 da ta 14 su ke riƙe hoton ya tsaya, in sun samu matsala hoto ya dinga rawa ko ya ɓace. Ta 12 da ta 15 kuma ta nan ne ekran yake gaya wa ordinater sunansa da girman da yake iya ɗauka, abin da ake kira EDID. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa, don waya mai araha wadda ba a haɗa mata waɗannan biyun ba tana nuna hoto sarai amma sau da yawa Windows ba ya ba ka girman da ya dace. In ka ga gurbin allura ɗaya babu komai a layin tsakiya kada ka damu, ta 9 ce, wayoyi da yawa haka ake yin su. Lanƙwasasshiya kuwa ana miƙe ta a hankali da bakin ƙaramin turnabis, sau ɗaya, in ka yi ta wasa da ita karyewa za ta yi. Ka ɗaure sukurori biyun nan na gefe, ba ado ba ne.

Hattara da DisplayPort. Optiplex irin su 790 da 7010 ba su da HDMI, VGA da DisplayPort gare su, kuma ramin yana kama da na HDMI sai dai kusurwa ɗaya kawai aka yanke masa. Kada ka tura HDMI da ƙarfi. Wajen cirewa kuma kan wayar yana da ɗan maɓalli da ake dannawa kafin a ja, in ka fizge haka kana iya tsinko ramin daga kat mer, babban allon cikin inite, gyaran jikka 2 ya koma na sayen wani inji.

Adafta kuma hanya ɗaya take bi. Wadda ke fidda hoto daga HDMI zuwa ekran mai VGA ba ta yin aikin VGA zuwa tele mai HDMI, wannan wata ce daban mai ƴar wayar USB ta wuta. Ka gaya wa mai shago wane rami ke jikin inite, wane ke jikin ekran, ko ka nuna masa hoto.

Mataki na 3: Injin ya tashi kuwa?

Kunna ka zuba ido a sakan biyar na farko. Tambarin Dell ko HP ya fito sannan daga baya ya yi baƙi? To kayan ƙarfe lafiya suke, matsalar tana cikin Windows, tafi mataki na 4. In ko tambarin bai fito ba, fanka tana juyawa amma shiru, ko yana ƙara ƙit-ƙit, ko fitilar maɓallin kunnawa ta koma ruwan lemo tana ƙyaftawa, to ba maganar seti ba ce, yawanci RAM ce, ƴan siraran allunan ƙwaƙwalwar inji da ke soke a kat mer.

Cire wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na sakan goma wutar da ta rage ta fita, buɗe murfi. Taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai. Buɗe ƴan maƙallan gefe ka zare RAM, share ƙurar ramin da buroshi, goge bakin zinaren da abin goge fensir, mayar har ka ji ta ce ƙas gefe biyu. In guda biyu ne gwada ɗaya-ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke rufe gari, wannan aikin nake yi fiye da kowane. In akwai kat girafik ita ma zare ka mayar, ko ka cire ta gaba ɗaya ka sa waya a ramin sama ka gani.

Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, in ya mutu agogo yana komawa baya kullum kuma BIOS, tsarin da ke tada injin kafin Windows, yana manta setinsa. Canza shi tunda ka riga ka buɗe.

Hattara: kada ka hura da baki, yawu na bi. In da suflar za ka hura, riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta gudu.

Mataki na 4: Maɓallan da yara ke dannawa

Kafin ka shiga wani menu gwada waɗannan, minti biyu ne.

Maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare: yana sake tada pilot ɗin hoto, wato manhajar da Windows ke sarrafa kat ɗin hoto da ita, za ka ji ƴar ƙara ekran ya ƙyafta. Windows da P: nan ake zaɓen inda hoto zai fita. In an taɓa haɗa injin da frojekta a wajen taro aka bar shi a "Deuxième écran uniquement", yana iya ci gaba da aika hoto inda babu kowa. A makance, buga kalmar sirrinka in akwai, danna Windows da P, kibiyar ƙasa sau ɗaya, Entrée, jira kaɗan, maimaita har sau huɗu, ɗaya daga ciki zai dawo da hoto.

Hoto a kife ko a kwance: Ctrl da Alt da kibiyar sama, a tsofaffin injuna masu Intel. In bai yi ba, danna dama a fili, "Paramètres d'affichage", "Orientation", zaɓi "Paysage". Komai ya koma fari da baƙi: Windows da Ctrl da C, ko ka kashe "Filtres de couleur". Bango baƙi rubutu rawaya: Alt na hagu da Shift na hagu da Impr écran. Komai ya yi ƙato yana bin suris: gilashin ƙara girma ne, Windows da Echap. Ekran ya yi ja-ja da dare kawai, "Éclairage nocturne" ne. Gumakan tebur kaɗai suka yi girma, riƙe Ctrl ka juya tayar suris. Cikin Chrome kaɗai ne, Ctrl da 0.

Mataki na 5: Girman hoto

Danna dama a fili, "Paramètres d'affichage", sauka zuwa "Résolution". Wanda aka rubuta wa "recommandé" shi ne naka. Kowane ekran yana da girma ɗaya tak da yake fita tas da shi: masu kusurwa huɗu na inci 17 da 19 suna 1280x1024, mai faɗi na inci 18.5 yana 1366x768, mai faɗi na 19 yana 1440x900, na 20 yana 1600x900, na 22 tsoho 1680x1050, daga 21.5 zuwa 24 na yanzu 1920x1080. In ba ka sani ba, lambar modal tana kan takardar bayan ekran, ka bincika ta a intanet.

Kuskuren da dattawanmu ke yi, kuma ba laifinsu ba ne, rubutu ya yi musu ƙanana sai a rage musu girman zuwa 1024x768, sai fuskokin mutane su baje, da'ira ta koma ƙwai, rubutu ya yi hazo. Ba nan ake gyara wannan ba. Bar girman a na asali, je "Mise à l'échelle" ka sa 125% ko 150%.

Duk canjin da ka yi Windows yana ba ka sakan 15 ka amince. In ekran ya yi baƙi, ɗauke hannunka daga kilabiye ka jira, da kansa zai koma. Masu danne-danne cikin firgici su ke amincewa da abin da ba su gani ba.

In VGA kake, bayan ka saita danna maɓallin "Auto" a jikin ekran, shi ke daidaita hoton da ya zame gefe da rubutun da ke kyarma. Saurin sabunta hoto kuma, cikin "Paramètres d'affichage avancés", bar shi 60 Hz.

In girman da kake nema ba ya cikin jerin sam, abu biyu ne: ko waya ba ta kawo EDID, ka koma mataki na 2 ka canza ta, ko babu pilot, mataki na 7. Wayar za ka fara gwadawa.

Mataki na 6: "Hors plage"

Wannan saƙon, wasu ekran suna rubuta "Fréquence hors plage" wasu "Entrée non supportée", yana nufin ordinater yana aiko abin da ya fi ƙarfin ekran ɗin, yawanci bayan an ɗauko inite daga babban ekran an haɗa shi da ƙarami. Hanya mafi sauƙi, mayar da shi kan babban ko tele, rage girman, sannan ka dawo da shi. In babu:

Kunna, da ka ga ɗigogin Windows suna juyawa riƙe maɓallin kunnawa har ya mutu. Yi haka sau biyu zuwa uku, zai shiga "Réparation automatique". Daga nan "Options avancées", "Dépannage", "Options avancées" kuma, "Paramètres", "Redémarrer". Jeri zai fito daga 1 zuwa 9. Danna F3, wato "Activer la vidéo basse résolution". Na ce F3 ba 3 ba saboda kilabiyenmu AZERTY ne, lambobin sama suna ba da wahala a wurin. A Windows 7 kuwa F8 ake ta dannawa tun kafin tambari, zaɓin yana nan da 640x480.

Mutane sun fi sanin F4, "Mode sans échec", inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, amma don gyaran girma F3 ya fi, saboda yana tashi da pilot ɗinka na gaskiya, abin da ka saita ya zauna. Wanda aka saita cikin sans échec sau da yawa da ka sake kunnawa sai ka tarar da "Hors plage" yana jiranka.

Hattara: kashewar dole ɗin nan kada ta wuce yadda na faɗa, kuma injin biro mai BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan injin, yana iya tambayar makulli mai lambobi 48 a nan, ka tabbatar yana hannu kafin ka fara.

Mataki na 7: Pilot

Windows da X, "Gestionnaire de périphériques", buɗe "Cartes graphiques". In ka ga "Carte vidéo de base Microsoft", babu pilot ke nan, abin da ake samu bayan formate na gaggawa. Don ka san wane za ka nema: danna dama, "Propriétés", "Détails", zaɓi "Numéros d'identification du matériel". VEN_8086 Intel ne, VEN_10DE NVIDIA, VEN_1002 AMD. Mai Dell ya ɗauki Service Tag mai harafi 7 da ke jikin akwatin ya sa a shafin Dell, mai HP ya sa lambar modal a nasu. Masu Core i3 da i5 na ƙarni na biyu, irin Optiplex 790 da 990, a Windows 10 ta Windows Update pilot ɗinsu ke zuwa, ka haɗa intanet ka bari ya nema, kada ka ɓata forfe kana yawo a shafuka.

In kuma lafiya lau yake jiya, aka yi sabuntawa da dare yau ya lalace, cikin "Propriétés" ɗin je "Pilote" ka danna "Restaurer le pilote". In maɓallin a dushe yake, shiga sans échec ka cire pilot ɗin gaba ɗaya, akwai ƴar manhaja kyauta DDU da ke share shi tas, sannan ka sa sabo. Sauke sabon ka ajiye a kile tun kafin ka cire tsohon.

Ni dai ba na son manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka pilot duka da dannawa ɗaya, tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu.

Mataki na 8: Inda Windows ke ajiye tunanin ekran

Wannan sai in duk na sama sun ƙi, misali kullum ka saita ya koma, ko yana ganin ekran biyu alhali ɗaya ne. Windows yana rubuta duk ekran ɗin da aka taɓa haɗawa da injin, injin da ya zaga biro biyar kafin ya iso hannunka jerin nan ya yi tsawo.

Windows da R, rubuta regedit, bi wannan hanya:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\GraphicsDrivers

Kafin komai danna dama a kan GraphicsDrivers, "Exporter", ajiye a kile. Ka yi wannan tukuna, ban yarda ka ce daga baya ba. Sannan buɗe Configuration da Connectivity, da ScaleFactors in akwai, ka share ƙananan dosiye ɗin da ke ƙarƙashinsu masu dogayen sunaye, su kaɗai. Sake kunnawa, Windows zai karanta ekran ɗin kamar yau ya fara ganinsa. In wani abu ya karkace, danna fayil ɗin da ka ajiye sau biyu ya mayar.

Hattara: kada ka share GraphicsDrivers kanta, kada ka taɓa na kusa da ita don sunan ya yi maka kama. Wurin nan ba shi da kwandon shara.

Mataki na 9: Masu Ubuntu da Mint

Ubuntu da Mint tsarin Linux ne da ake sawa maimakon Windows. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni su suka fi kawo mini wannan. Doka ɗaya ce a nan: fayil ɗin seti ba a share shi, suna ake canza masa, in gyaran bai yi ba a mayar.

Ekran baƙi bayan shiga: Ctrl da Alt da F3, baƙin allo zai fito, sa sunanka da kalmar sirri, ba za ka ga tana fitowa ba, haka yake. Sai ka rubuta:

cd .config
mv monitors.xml monitors.tsoho

Na Ubuntu ke nan. A Mint mai Cinnamon sunansa cinnamon-monitors.xml, a Xfce kuma displays.xml ne can cikin xfce4/xfconf/xfce-perchannel-xml. Sannan duba ko akwai /etc/X11/xorg.conf. Injunan yanzu ba sa buƙatarsa, in yana nan to wani ya rubuta shi ko kayan NVIDIA sun bar shi, kuma in an cire kat ɗin shi ke hana hoto tashi:

sudo mv /etc/X11/xorg.conf /etc/X11/xorg.conf.tsoho
sudo reboot

Ka leƙa cikin /etc/X11/xorg.conf.d ma. Don ganin abin da ya faɗi, grep "(EE)" /var/log/Xorg.0.log, in ba ya nan yana .local/share/xorg cikin gidanka, wato dosiye mai sunanka.

In tun wajen tashi yake baƙi: riƙe Shift ko danna Echap menu na GRUB, wanda ke zuwa kafin Ubuntu ya tashi, ya fito, danna e, nemo layin da ke da quiet splash, ƙara nomodeset a bayansa, F10. A nan kilabiye yana komawa QWERTY, harafin m ba ya inda ka saba, yana maɓallin waƙafi kusa da n, na ga wanda ya yi rabin awa yana rubuta no;odeset. Wannan na tashi ɗaya ne don ka samu shiga ka sa pilot. Wasu suna zuwa /etc/default/grub su rubuta shi dindindin su yi sudo update-grub, sai bayan wata biyu su zo suna kukan hoto ya maƙale a ƙarami, to shi ne ya maƙale shi, a cire. Kuma /boot/grub/grub.cfg ba a gyara shi da hannu.

Girman da ba ya cikin jeri: buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka fara da echo $XDG_SESSION_TYPE. In ya ce wayland, xrandr ba zai ƙara maka komai ba, fita ka zaɓi "Ubuntu sur Xorg" a ƴar tayar da ke allon shiga, 22.04 da 24.04 suna da ita. In x11 ne, rubuta xrandr ka ga sunan ramin, mu ce VGA-1, sai:

cvt 1440 900 60
xrandr --newmode "1440x900_60.00" 106.50 1440 1528 1672 1904 900 903 909 934 -hsync +vsync
xrandr --addmode VGA-1 1440x900_60.00
xrandr --output VGA-1 --mode 1440x900_60.00

Lambobin layi na biyu daga amsar cvt ake kwaso su, in girmanka daban ne naka za su bambanta. Mai 1366 zai ga cvt ya ba shi 1368, ba kuskure ba ne. Wannan yana gushewa in an kashe inji, kuma alheri ne, in bai yi ba ka sake kunnawa kawai. Sai ka ga ya yi kyau sannan ka zuba layuka ukun na xrandr cikin fayil .xprofile a gidanka.

Hattara: kada ka kwafo umarni daga WhatsApp ko Word. Suna lanƙwasa alamar zance, suna haɗe karan nan biyu su zama dogo ɗaya, da ido iri ɗaya ne amma inji ba ya ganewa. Buga da hannu.

Mataki na 10: Tele, da lokacin ɗaukar inji zuwa shago

In tele ka mayar ekran kuma gefen hoto ya yanke har ba ka ganin maɓallin Démarrer, a rimot ɗin tele ake gyarawa, cikin tsarin girman hoto, LG suna ce masa "Just Scan", Samsung "Adapter à l'écran".

In ekran yana ɗaukewa sakan biyu ya dawo duk lokacin da firji ko kilim ya tashi, ko kuran ya yi ƙasa da yamma lokacin zafi, regilater ko ondiler kake buƙata, ba seti ba.

Wanda ya wuce gyaran gida: layuka ko ɗige-ɗige masu launi tun a tambarin Dell kafin Windows ya tashi, "Code 43" da ke fitowa a kan kat ɗin hoto cikin Gestionnaire de périphériques ya ƙi tafiya bayan sabon pilot, kondansater da suka kumbura a kat mer, ko hasken bayan da tocila ta nuna maka. Layi ɗaya siriri da ke nan ko an cire waya kuwa gilashin ne, sau da yawa ekran na hannu a Katako ya fi gyaransa araha, sai dai ka sa a kunna maka shi a kan farin shafi kafin ka biya. In za ka kawo, kawo inite da ekran da wayar da kake aiki da ita duka ukun, ka kuma kwashe takardunka a kile in hoto yana ɗan fitowa. Wanda ya zo da inite kaɗai, ina haɗa shi da wayata da ekran ɗina ya tashi lafiya, sai ya sake biyan taksi ya koma Talladje ɗauko sauran.